Haske da Laima a Rayuwar Irin Kaktus

Duk wanda ya yi makarantar firamare zai iya tuna gwajin nan na wake. Malami ya sa a kawo gwangwanaye huɗu, a shimfiɗa auduga a cikin kowanne, a ɗora ƙwayoyin wake. Na farko a bar shi a bushe, na biyu a nutsar da waken cikin tafasasshen ruwan da aka malala wa mai a sama, na uku a kai shi wuri mai tsananin sanyi, na huɗu kuwa a jiƙa audugar a ajiye shi a kan taga. Bayan kwana huɗu ko biyar sai a rubuta a kan allo cewa abubuwa uku iri ke bukata kafin ya tsira: ruwa da iska da ɗumi. Haske ba ya cikin lissafi. Wannan magana gaskiya ce game da wake da masara da dawa da gyaɗa, amma idan aka ɗauke ta a matsayin dokar da ta game kowane tsiro an yi kuskure, kuma kuskure ne da ɗalibai ke shigowa da shi jami'a kowace shekara. Akwai dubban tsirrai da irinsu ba ya motsi sai ya sami haske, kuma babu dangin da ya fi bayyana wannan al'amari kamar dangin kaktus.

Wane tsiro ne kaktus?

Ya kamata a fara da gyara wani ruɗani. Sau da yawa akan nuna ƙerana ko tinya a ce ga kaktus. Ba su ba ne. Ƙerana da tinya da aguwa duk 'yan dangin da masana ke kira Euphorbia ne, kuma alamarsu ita ce farin ruwa mai kama da nono da ke fitowa idan an kafta su. Kamannin da ke tsakaninsu da kaktus, wato kaurin jiki da ƙaya da ƙarancin ganye, ya samo asali ne daga zama cikin irin wahala ɗaya ta ƙarancin ruwa. Ba dangantaka ba ce.

Kaktus na gaskiya ɗan nahiyar Amurka ne. Ana samun sa tun daga kudancin Kanada har zuwa kudancin Ajantina, amma ƙasar Meziko ce ta fi kowa yawan ire-irensa. Jinsunansa sun kai kimanin 1,500, kuma ɗaya ne tak daga cikinsu, mai suna Rhipsalis baccifera, aka tarar yana tsirowa da kansa a dazuzzukan Afirka da Madagaska da Siri Lanka. Sauran da ake gani a Maroko da Tunisiya da Habasha, masu faffaɗan jiki kamar tafin hannu waɗanda ake cin 'ya'yansu, mutane ne suka kawo su bayan Turawa sun isa Amurka. Sunan wannan rukuni Opuntia.

Babban kaktus gwani ne wajen jure fari. Yana tara ruwa a jikinsa, yana rufe ƙofofin numfashinsa da rana ya buɗe su da dare, saiwoyinsa kuma suna bazuwa kusa da saman ƙasa don su cafke ko da yayyafi ne. Sai dai duk wannan shiri na babba ne. Ƙwayar iri da ɗan tsiron da ke fitowa daga cikinta ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan makamai, kuma a nan ne mutuwa ta fi yi wa kaktus ɓarna.

Mu ɗauki saguwaro, dogon kaktus ɗin nan mai rassa kamar hannuwan mutum, wanda ke tsirowa a hamadar Sonora da ta ratsa jihar Arizona ta Amurka da arewa maso yammacin Meziko. Yana iya rayuwa shekara 150 zuwa 200. Kowane ɗa da ya nuna yana ɗauke da ƙwayoyi wajen 2,000, an kuma kiyasta cewa saguwaro ɗaya na iya zubar da iri har miliyan 40 a tsawon rayuwarsa. Domin yawan saguwaro ya tsaya yadda yake, ƙwaya ɗaya ce kawai daga cikin waɗannan miliyoyi ake bukata ta girma ta maye gurbin uwarta. Tururuwa da ɓeraye da kurciyoyi suna kwashe mafi yawa. Abin da ya tsallake bakinsu, makomarsa tana hannun haske da laima.

Idon da ke cikin ƙwaya

Ba a kan kaktus aka fara gano yadda iri ke jin haske ba, a kan latas ne. A shekarar 1952 wasu masana na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka da ke aiki a Beltsville cikin jihar Maryland, waɗanda suka haɗa da Harry Borthwick da Sterling Hendricks, suka jiƙa irin latas suka riƙa haska masa launuka dabam-dabam. Mai karatu ya san cewa hasken rana haɗin launuka ne, waɗanda bakan gizo ke rarrabe mana. Kowane launi yana da tsawon zangonsa, wanda ake aunawa da nanomita. Sai suka ga jan haske mai tsawon zango kusan nanomita 660 shi ne ya fi sa irin ya tsira. Can gaba da shi kaɗan, a wajen nanomita 730, akwai wani hasken da idon mutum da ƙyar yake ganinsa, wanda za mu kira ja na ƙurya. Shi wannan hana tsiro yake yi.

Abin da ya fi ba su mamaki shi ne ana iya warware aikin ɗaya da ɗayan. A haska ja, iri ya tsira. A haska ja sa'an nan a bi shi da ja na ƙurya, iri ya ƙi. A sake haska ja a karo na uku, ya tsira. Ko sau nawa aka juya, hasken ƙarshe shi ne iri ke bi. Daga nan suka fahimci lalle akwai wani sinadari a cikin ƙwayar mai siffa biyu, wanda ke juyawa daga wannan zuwa waccan kamar makunnin lantarki. A shekarar 1959 aka tabbatar da samuwarsa, aka sa masa suna fitokurom. Idan ya sha jan haske sai ya koma siffarsa mai aiki, wadda ke sa ɗan tayin da ke cikin ƙwaya ya ƙara yawan sinadarin jibaralin mai ta da tsiro, ya kuma rage sinadarin da ke tsare shi cikin barci. Idan ya sha ja na ƙurya, ko ya daɗe cikin duhu, sai ya koma siffar da ba ta aiki.

A wannan shekara ta 1959 ne Stanley Alcorn da Edwin Kurtz na Jami'ar Arizona suka nuna cewa irin saguwaro ma haka yake: yana bukatar haske, jan haske na ta da shi, ja na ƙurya na danne shi, kuma ya fi tsira a ɗumin da ya kai kimanin digiri 25 na ma'aunin Salshiyas.

To, mene ne amfanin wannan ga tsiron? Amsar tana cikin girman ƙwayar. Ƙwayar wake tana da guzuri mai yawa, saboda haka ko an binne ta da zurfin ɗan yatsa tana da ƙarfin huda ƙasa ta fito. Ƙwayar saguwaro ba ta wuce milimita 2 ba, ta wasu kaktus ɗin kuma, kamar Blossfeldia na tsaunukan Ajantina da Bolibiya, sai ka ce ƙura. Idan irin wannan ƙwaya ta tsira a ƙarƙashin ƙasa, guzurinta zai ƙare kafin ta ga rana. Haske kuwa ba ya ratsa ƙasa da nisa: a yawancin ƙasashe, wanda zai iya motsa fitokurom ba ya wuce zurfin milimita 4 zuwa 5. Ke nan haske ma'aunin zurfi ne. Ƙwayar da ta ji shi ta sami labarin cewa tana kusa da sama, wadda ba ta ji ba sai ta ci gaba da barci har ruwa ko iska ko kofaton dabba ya tone ta. Manomanmu sun san wani abu mai kama da wannan ko da ba su san sunan fitokurom ba. Mai renon taba ba ya binne iri, watsa shi yake yi a saman fangali. Haka kuma ciyawar da ke tasowa da yawa bayan an yi huɗa, wani ɓangarenta irin da ke kwance cikin duhu ne garma ta juyo shi ya ga rana.

Ba dukan kaktus ne ke da wannan hali ba, kuma a nan binciken masanan Meziko ya yi amfani ƙwarai. A shekarar 1997 Mariana Rojas-Aréchiga da abokan aikinta suka gwada jinsi bakwai daga kwarin Zapotitlán na jihar Puebla. Huɗu gajeru ne masu siffar ganga, uku dogaye masu siffar ginshiƙi. Gajerun duk suka ƙi tsira cikin duhu, dogayen kuwa ba su damu ba, da haske da duhu duk ɗaya ne a wurinsu. Daga baya, a shekarar 2011, Joel Flores da wasu masana suka tattara bayani a kan ire-iren kaktus 136, suka ga cewa bukatar haske ta fi ƙarfi a wurin masu ƙananan ƙwayoyi. Wannan ya dace da bayanin da muka yi na guzuri. Amma kada a mai da shi doka, domin ga saguwaro nan dogo ne mai siffar ginshiƙi, kuma yana bukatar haske. Zuriya ma tana da tata rawar: akwai rukunin kaktus da kusan duk 'ya'yansa ke bukatar haske, ko ƙwayarsu babba ce ko ƙarama, abin da ke nuna gado ne suka yi daga kakansu. Wani abin lura kuma shi ne, a kaktus da dama an gwada jiƙa iri da jibaralin cikin duhu don a ga ko zai maye gurbin haske kamar yadda yake yi a latas, bai maye ba.

Busasshiyar ƙwaya makauniya ce

Ga wani abu da ɗalibai kan tsallake. Fitokurom ba ya juyawa yadda ya kamata a cikin busasshiyar ƙwaya. Iri na iya kwance a kan yashi cikin rana mai ƙuna wata da watanni ba tare da ya amsa ta ba. Sai ya sha ruwa tukuna idonsa ke buɗewa. Saboda haka sharuɗɗan biyu dole su haɗu a lokaci guda: ƙwaya tana jiƙe, kuma haske na sauka a kanta.

A nan matsalar take. Wurin da haske yake, wato saman ƙasa, shi ne wurin da ya fi ko'ina saurin bushewa. A hamada ruwa zai sauka da yamma, kafin azahar ta gobe saman ƙasa ya bushe ƙayau, alhali can ƙasa da zurfin taƙi ɗaya akwai sauran danshi. Ƙwayar kaktus ba ta da damar sauka inda danshin yake, don can duhu ne. Shan ruwan iri kuwa mataki uku ne. A na farko ƙwaya na zuƙar ruwa da sauri ta kumbura. Wannan ko matacciyar ƙwaya tana yin sa. A na biyu shan ruwa ya tsaya, aiki ya koma ciki: ana gyaran abin da ya lalace lokacin bushewa, numfashi ya tashi, ana ƙera sababbin sinadarai. A na uku saiwa ta huda ɓawo ta fito. Kaktus da yawa na bukatar kwanaki kafin su kai mataki na uku, ruwa ɗaya kuwa ba ya riƙe saman ƙasa da laima tsawon haka.

Saguwaro ya daidaita lokacinsa da damina. Yana fure a watannin Mayu da Yuni, lokacin da hamada ta fi zafi da bushewa, 'ya'yansa su nuna a ƙarshen Yuni zuwa Yuli, daidai gab da saukar ruwan bazara. Birnin Tucson, wanda ke tsakiyar ƙasar saguwaro, yana samun ruwan da ya kai kimanin milimita 300 a shekara, wato bai kai na Damagaram ba, kuma wajen rabinsa ne ke sauka tsakanin Yuli da Satumba. Irin na tsira ne idan aka sami ruwa a jere cikin 'yan kwanaki, gajimare kuma ya rage wa ƙasa bushewa. A shekarar da ruwan ya makara, tururuwa sun gama da irin kafin ya zo.

Iri mai tunawa

Mene ne ke faruwa ga ƙwayar da ta sha ruwa, ta shiga mataki na biyu, sai ƙasa ta bushe? Manomin da ke yin binne ya san haɗarin. Ya zuba gero cikin busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan farko. Idan ruwan ya zo da ƙarfi ya ci riba, idan kuwa ɗan kaɗan ne ya sauka har irin ya fasa sa'an nan aka ɗauke, to sai sake shuka. Dalili shi ne, da zarar saiwa ta fito, iri ya rasa ikonsa na jure bushewa, babu komawa baya.

Joseph Dubrovsky, wanda ya yi aiki a La Paz ta yankin Baja California a Meziko, ya bincika abin da ke faruwa kafin a kai wannan gaɓa. A rahoton da ya buga a shekarar 1996 ya gwada jinsi uku na kaktus ɗin hamadar Sonora. Ya jiƙa irin na wani lokaci, ya busar da shi kafin saiwa ta fito, ya ajiye, sa'an nan ya sake jiƙawa. Irin bai mutu ba. Ba wannan kaɗai ba, da aka sake ba shi ruwa sai ya tsira da sauri fiye da wanda ba a taɓa jiƙawa ba, 'yan tsironsa kuma suka fi girma. Wato aikin da ƙwaya ta yi a jiƙon farko bai ɓace ba, ta ajiye shi, da ruwa ya dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Dubrovsky ya kira wannan hali tunawa da jiƙo. Ba tunani ba ne irin na mai ƙwaƙwalwa, canje-canje ne na sinadarai da suka tsaya cik lokacin da ƙwaya ta bushe.

A ganina wannan shi ne mafi kyawun abin da aka gano game da irin kaktus, don ya warware matsalar da muka bayyana a sama. Ƙwayar da ke kwance a saman ƙasa ba sai ta sami kwana huɗu a jere tana jiƙe ba. Tana iya tara su kaɗan-kaɗan, yau rabin yini, mako mai zuwa yini ɗaya, har ranar da babban ruwa zai zo ya tarar da ita a shirye. Kowace rana da ta rage wajen tsira rana ce da ɗan tsiron zai ƙara wajen girma kafin rani. Masu aikin gona ma suna amfani da wannan dabara: jiƙa irin masara ko dawa dare ɗaya, a tsane shi a shuka da safe, yana sa ya fito da wuri kuma a tare.

Wasu ƙananan kaktus na rukunin Mammillaria a Meziko sun kai abin wani matsayi. Ba sa sakin dukan 'ya'yansu. Sukan riƙe wasu a cikin ramukan jikinsu shekara ɗaya ko fiye, inda tururuwa ba sa kai musu, ruwan sama na jiƙa su suna bushewa, sai a shekarar da aka sami ruwa sosai su sake su.

Laima da tsawon ran iri

Ruwan da ke ta da iri shi ne kuma ke kashe shi a ajiya. Irin kaktus na cikin waɗanda ke jure bushewa sarai, kamar gero da dawa, saɓanin goro da mangwaro da koko waɗanda ke mutuwa idan sun bushe. Shi ya sa fataken goro ke lulluɓe shi da ɗanyen ganye. Ga masu jure bushewa akwai ƙa'idar da masanin iri James Harrington ya shimfiɗa: duk lokacin da aka rage laimar iri da kashi 1 cikin 100, tsakanin kashi 14 da kashi 5, tsawon ransa na ninkawa biyu, haka kuma idan aka rage zafin ma'ajiya da digiri 5. Ƙa'ida ce ta kimantawa, amma ba ta cika nisa da gaskiya ba. Mafi munin hali ga iri shi ne tsaka-tsaki, wato ya ɗan yi laima cikin zafi. Laimar ta isa ta sa sinadaransa su lalace, ta kuma ta da fumfuna, amma ba ta isa ta ba shi damar gyaran kansa ba. Duk wanda ya ajiye iri cikin leda a ɗaki mai zafi da damina ya ga sakamakon.

A cikin ƙasa kuwa jinsunan sun bambanta. Irin saguwaro ba ya daɗewa, abin da bai tsira a daminar farko ba kusan duk ya tafi. Amma Janice Bowers ta nuna a shekarar 2000 cewa irin wani kaktus mai siffar ganga da ke zaune tare da saguwaro, Ferocactus wislizeni, na iya rayuwa cikin ƙasa aƙalla wata 18, wato ya tsallake zuwa wata daminar. Bukatar haske na taimaka wa irin wannan ajiya, don ƙwayar da ƙasa ta rufe ba za ta ɓata kanta ba.

Opuntia nasa tsarin dabam ne. Ƙwayarsa babba ce mai taurin gaske, duk wanda ya ci 'ya'yan ya ji ta a haƙori. Sabon irinsa yakan ƙi tsira ko an ba shi ruwa da haske, sai ya kwana biyu, ko ya ratsa hanjin tsuntsu ko dabba. Wani bincike da aka yi a Meziko a kan Opuntia streptacantha ya nuna cewa wasu fumfunan ƙasa na cin ɓawon su raunana shi har ɗan tayin ya iya fasawa, ga shi kuwa fumfuna ce babbar abokiyar gabar iri a wasu wuraren. Wannan taurin kai, tare da yadda kowane ɓallin jikinsa ke kama ƙasa ya zama sabon tsiro, shi ya sa Opuntia ya zama annoba a Ostireliya, inda ya mamaye hekta wajen miliyan 24 a jihohin Queensland da New South Wales kafin a saki wani ƙwaro mai cin sa da aka kawo daga Ajantina a shekarar 1926.

Hasken da ya ta da shi na iya kashe shi

Ɗan tsiron kaktus na makon farko bai fi ƙwayar gero ba, ɗan dunƙule ne kore mai laushi. Ƙaramin abu yana da fata mai yawa idan aka kwatanta da cikinsa, shi ya sa ruwa a ludayi ke ƙafewa a rana alhali na randa na nan. Ga shi kuma yana zaune a inda ya fi ko'ina zafi, don saman ƙasar hamada na iya kai digiri 70 da tsakar rana. Abin da zai cece shi shi ne ya tara ruwan da zai kai shi ƙarshen rani na farko. Peter Jordan da Park Nobel sun auna wannan a shekarar 1981 a kan wani Ferocactus na hamadar Sonora: suka kwatanta tsawon farin da ɗan tsiro ke iya jurewa da bayanan ruwan sama na wurin, suka ga shekara 8 ce kawai cikin 18 sabon tsiro zai iya rayuwa. Shi ya sa idan aka auna kaktus na wani fili akan tarar da su tsara-tsara, da giɓin shekaru a tsakani.

Gwajin da ya fi nuna illar rana shi ne na Raymond Turner da abokan aikinsa a shekarar 1966. Sun dasa 'yan saguwaro 1,200 a fili, wasu 1,200 kuma a inuwa. Cikin shekara ɗaya na filin duk suka mutu. Na inuwar kashi 35 cikin 100 suka rayu. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa ake samun ƙananan saguwaro kusan kullum a gindin wata bishiya, musamman palo berde da meskit, wanda ɗan'uwan ƙirya ne. Masana na kiran irin wannan bishiya mai reno. Tana rage zafi da rana, tana riƙe laima, tana kare sanyin hunturu, tsuntsayen da ke sauka a kanta kuma su ne ke kawo irin cikin kashinsu. A kwarin Tehuacán na Meziko, Alfonso Valiente-Banuet da Exequiel Ezcurra sun nuna a shekarar 1991 cewa inuwar ce ainihin abin da kaktus ke samu daga mai renonsa, fiye da takin da ke gindinsa. Ladan mai reno dai ba shi da daɗi: saguwaron da ya girma yakan shanye ruwan da ke kusa har bishiyar ta bushe.

Mai karatu na iya tambaya, in ganye na shanye jan haske ya bar ja na ƙurya ya wuce, yaya iri mai bukatar haske ke tsira a ƙarƙashin bishiya? Inuwar itatuwan hamada ba irin ta mangwaro ba ce, ta fi kama da ta bagaruwa. Ganyensu ƙanana ne, rana na ratsowa ɗigo-ɗigo, kuma abin da fitokurom ke bukata kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da hasken da ke ƙona tsiro.

An ga abin da rashin mai reno ke jawowa a gandun saguwaro da ke gabashin Tucson, wanda gwamnatin Amurka ta keɓe a shekarar 1933. Masu saran itace sun kwashe meskit da palo berde, shanu kuma na tattake abin da ya rage. Tsofaffin saguwaro suka yi ta faɗuwa ba tare da ƙananan da za su gaje su ba, har aka yi zaton wata cuta ce. Bayan an hana sara, aka kuma fitar da shanu kwata-kwata a shekarar 1979, itatuwa suka dawo, ƙananan saguwaro suka biyo su. Amma tsiron da ba ya wuce santimita 4 a shekara takwas na farko, wanda kuma ba ya fure sai ya kai wajen shekara 35, ba ya cike giɓi da wuri. Wani ƙiyasi na duniya da aka buga a shekarar 2015 ya nuna kashi 31 cikin 100 na jinsunan kaktus 1,478 da aka duba suna fuskantar barazanar ƙarewa, saboda share daji da kuma masu tono su don sayarwa. Renon su daga iri shi ne hanyar da za ta rage tonon na daji, kuma ba ya yiwuwa sai an san abin da irin ke so.

Ga mai son gwadawa

Ni kaina na taɓa asarar fakitin iri sukutum saboda na rufe shi da ƙasa kamar yadda ake rufe kuɓewa. Abin da ya dace shi ne a sami yashi mai tsabta gauraye da 'yar ƙasa, a gasa shi ya huce don kashe fumfuna, a jiƙa shi ta ƙasan tukunya, a barbaɗa irin a sama a ɗan danna shi kawai. A rufe bakin tukunyar da farar leda mai nuna ciki, a ajiye inda haske ke da yawa amma rana ba ta bugu kai tsaye. Bayan tsiro ya fito a riƙa buɗe ledar kaɗan-kaɗan, don laimar da ta yi yawa na ruɓar da gindinsa.

Malamin sakandare da ke son gyara darasin nan na wake zai iya ƙara gwangwani na biyar. Irin fitaya, 'ya'yan itacen nan masu jan ɓawo da farin ciki mai ɗigon baƙaƙen ƙwayoyi da ake sayarwa a manyan kantunan birane, irin kaktus ne na gaske kuma yana bukatar haske. A wanke ƙwayoyin a raba su da yauƙin da ke jikinsu, a busar, a ƙirga 50 a kan jiƙaƙƙiyar takarda cikin faranti biyu. Ɗaya a rufe shi da farar leda, ɗayan a naɗe shi da takardar alminiyam ninki biyu nan take, a ajiye su wuri ɗaya don ɗuminsu ya zo daidai. Sai a ja wa yara kunne kada wanda ya buɗe na duhun don leƙawa kafin kwana goma su cika, domin jiƙaƙƙen iri na iya amsa hasken ɗan lokaci kaɗan, lissafin kuma ya ɓaci.